Lauyar Baban Ummi

"Wallahi ba zai sake taka mana gida ba!" Yaya ya faɗa, ya banko ƙofa.

"Yaya, 'yarsa ce fa..."

"Ranar da ya sake ki bai san da ita ba?"

Ta taga na hango Baban Ummi tsaye, rigarsa duk baƙin man gareji. Cikin fushi ya yi min saki ɗaya, tun daga ranar Yaya ya hana shi ganin Ummi. Ni ko zuciyata ta ƙi sakinsa.

A shagon ɗinkinmu na ji wata na labarin lauyoyin da ke tsaya wa iyaye maza kyauta. Nan take na kira Baban Ummi a waya.

"Ke da bakinki kike cewa in kai ƙarar gidanku?"

"Sulhu suke fara yi. Ummi ko abinci ba ta ci, kullum sai kiran sunanka. Ka je!"

Ranar zaman, Yaya ya shiga ofishin kamar zai tashi sama. Lauyar, wata dattijuwa mai gilashi, ta nuna mana kujerun roba.

"Malam, aure ne ya mutu," in ji ta. "Uban yana nan da ransa, kuma yana da haƙƙin ganin 'yarsa."

Yaya ya harari Baban Ummi. "Wane munafukin ne ya nuna maka nan?"

"Ni ce, Yaya."

Kafin in rufe baki, Ummi ta zame daga cinyata a guje. "Abba! Abbana!"

Baban Ummi ya ɗaga ta sama yana dariya, hawaye na sauka kan gemunsa. Sai ya juyo gare ni.

"Hasken idona... na yi wauta. Ki yafe min, ki dawo."

Na sunkuyar da kai, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Lauyar ta cire gilashinta. "Ni ranakun ziyara aka kawo min in tsara. Wannan kallon da kuke wa juna ya fi ƙarfin karatuna!"

Yaya ya daɗe yana duban Ummi da ta ƙanƙame wuyan ubanta. Ya ja tsaki, amma muryarsa ta yi laushi.

"Sai ka turo manyanka a sake ɗaurawa. Ka ƙara sa ƙanwata kuka ka gani... ni ma lauya zan ɗauka!"

"Zo wurina," in ji lauyar. "Kai ma kyauta ne."