Bugun Ƙofa Na Biyu

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. A aji uku na tsaya, kuma littafin da nake rubutu a ciki ma Efraín ne ya ba ni. Amma abin ya tokare mini a ƙirji...

Da sassafen wata Lahadi aka buga ƙofarmu.

Na laɓe bayan labule ina leƙe. Efraín ne, saurayina, da mahaifiyarsa, Doña Amparo, kowa rungume da kwandon burodi da cakulan.

Tat, mahaifina, ya ɗan buɗe ƙofar.

"Mun zo neman auren Petrona," in ji Doña Amparo, tana rawar sanyi.

"Petrona? Wannan da ko tortilla, wainar masara, ba ta iya gasawa ba? Ba ni da 'yar aure. Ku gwada gaba!"

Ya rufe ƙofa, ya juyo yana kashe wa Nan, mahaifiyata, ido.

Ni ma na yi murmushi. Haka muke yi mu 'yan ƙabilar K'iche'. Zuwan farko kora, na biyu a ba ka kujera, na uku a karɓi kwando. Tat sau huɗu ya je gidan su Nan kafin a ba shi aurenta.

Ban taɓa kawowa a raina cewa Efraín bai sani ba. Ɗan bakin teku ne, aiki ya kawo shi garinmu Xela. Yana koya wa baƙi Sifaniyanci a makarantar da nake kai kofi, malami ɗaya ɗalibi ɗaya, a 'yan tebura a tsakar gida. Da ɗalibinsa ya tashi hutu sai ya yafito ni, ya kira ni da sunan wasan da ya sa mini.

"Tonita, zo ki karanta mini layi ɗaya."

"Malam, kofi zai huce..."

"Bar shi ya huce, kurciyata. Amurkawa sun saba da ɗanyen sanyi."

Yarinyar da ake nema ba ta fita har sai an gama magana. Don haka na kira Flori, 'yar ƙanin Tat, wadda ke rubuta sunayen ɗalibai a makarantar.

"Don Allah ki ce masa ya dawo. Ki ce al'ada ce kawai."

"Haba ƙanwata! Kunyar nan taki za ta kashe ki. Bar mini komai."

Lahadi ta biyu Tat ya shimfiɗa ɗanyen ganyen bishiyar pino a ɗakin baƙi, kamar yadda muke yi don tarbar baƙi, gida ya ɗauki ƙamshi. Nan ta yanka talotalo. Muka zauna har rana ta karkata.

Shiru.

Ganyen ya fara ja. Nan ta ɗauko tsintsiya, Tat ya hana ta.

"Kada a share. Yaron kirki ne, zai zo."

Sati bakwai muka yi a haka. Ran nan na yafa mayafina na fita ban gaya wa kowa ba.

Na sami Efraín a teburinsa a makaranta, ya rame. Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Petrona..."

Ba Tonita ba.

"Me ya sa ba ka dawo ba?" Ban san ina da irin wannan muryar ba.

"In dawo? Mahaifinki ya bar uwata tsaye cikin sanyi kamar mai talla! Kwana uku tana kuka. Flori kuma ta ce ke da bakinki kika ce kada a buɗe."

"Ni?"

"Ta ce ba kya son wanda ba ya jin yarenku."

"Efraín, kowa sai an kore shi a zuwan farko! Tat har yau bai bari an share ɗakin ba..."

Ya dube ni, ya dubi tagar ofis. Flori na tsaye, muna haɗa ido ta saki labule.

Ya zauna a hankali, ya dafe kai.

"Jiya Mama ta kai kwando gidan su Flori, neman aurenta," ya ce. "A bugun farko suka buɗe."

"An raba burodin?"

Ya gyaɗa kai.

Ko shi ɗan bakin teku ya san wannan. Idan dangi suka ci burodi, magana ta ƙare.

"Kurciyata, me ya hana ki zuwa da kanki? Kalma ɗaya..."

Na juya na fita. Ina da baki, ina da ƙafa, har rubutu ya koya mini. Kunya ce ta sa na aiki wata.

Da na koma gida na tarar da Tat zaune a ɗakin baƙi. A gabansa ga burodi biyu a nannaɗe cikin ƙyalle, rabon gidanmu daga gidan ƙaninsa. Ya riga ya ji sunan angon.

"Da na sani da na buɗe, 'yata," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni na ɗauka darajarki nake ɗagawa..."

Babu wanda ya taɓa burodin.

Washegari na riga kowa tashi. Na ɗauki tsintsiya na share busasshen ganyen pino tas, har wanda ya maƙale a ƙarƙashin kujerar da Tat ya ajiye wa Efraín. Na zuba shi a murhu, na ɗora tukunyar kofi a kai.