Tsamiyar Yagana

Ranar Laraba ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka.

Akwai wani yaro ɗan aji uku a Fagge. Kakansa, Baba Mala, mutumin Barno ne. A da kanwa yake kawowa Kano a kan raƙuma. Yanzu ƙafa ta ƙi. Kullum yana zaure, idonsa a kan hanya. In ya fara labarin da, sai yaron ya sulale ya tafi ƙwallo.

Ran nan da aka tashi daga makaranta, wani tsoho mai jakar fata ya tare shi.

"Jikana, ina ne Tsamiyar Yagana?"

"Babu wannan wuri a nan, Baba."

"Mararraba ce. Nan ayari yake sauka."

"A nan aka haife ni. Babu. Ka dai ɓata hanya."

Abokansa suka yi dariya. Tsohon ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Ya juya.

A gida ana cin abinci, yaron ya ba da labarin yana dariya. Baba Mala ya tsame hannu daga akushi.

"Yana da tabo a goshi?"

"Yana da shi."

"Modu ne. Ƙanena." Ya ture akushin gefe. "A gindin tsamiyar nan muka rabu. Shekara ashirin da shida. Na ce masa duk ranar da ya dawo, ya tambaye ni a can."

Inna ta dubi ɗanta. "Mararrabar da kake bi kullum ce fa, wajen Chukwuma mai gyaran keke. Wata mata Yagana ce take sayar da fura a wurin. An sare itacen da za a faɗaɗa hanya saboda manyan motoci. Ba a haife ka ba."

Baba Mala bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ba ka sani ba, ka ce babu." Ya juyar da fuska bango.

Yaron ya fita da gudu. Ya duba tashar mota. Ya ratsa kasuwar Sabon Gari layi-layi, laka har gwiwa. Babu tsoho. In ya hau motar Barno, shi ke nan.

Bayan la'asar ya biyo ta mararraba yana kuka.

"Kai, jikan Mala!" in ji Chukwuma. "Wa ya doke ka?"

"Na kori ƙanen Baba. Tsamiyar Yagana yake nema."

Chukwuma ya nuna bayan kekuna da sifana. Ga tsohon a kan benci, ya cire takalma.

"Ni ma ya tambaye ni. Na ce a kanta kake tsaye. Ai na sha furar Yagana tun ubanka yana yawo ba wando! Na ce ya huta, in gama tayar nan in kai shi gidanku."

Yaron ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

"Tashi. Mala yana nan da rai?"

"Yana nan."

"To, ɗauki jakar."

Da suka shiga zaure, Baba Mala ya miƙe ba sanda. Suka riƙe hannun juna. Daga baya suka ɓarke da Barbarci, suna kuka suna dariya.

Inna ta ce wa ɗanta, "Ka gani? Garin nan ya girme ka. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka tambayi manya."

Washegari, kafin ya tafi makaranta, yaron ya kai wa tsofaffin koko. Ya zauna a tsakaninsu, ya ce, "Baba, kwana nawa ne daga Barno zuwa nan a kan raƙumi?"