Mai Gidan da Ba a Tambaya Ba

Da yammacin ranar da aka sare itacen mangwaron gidansu, Migdalia tana tsaye a madafa tana soya ayaba, sai ta lura kwaɗin da ke bayan gidansu sun yi shiru. Kullum rana na faɗuwa suke fara kuka a unguwarsu da ke gefen garin Caguas. Yau babu ko ɗaya. Sai ƙarar mai a kasko.

Dillaliyar da za ta sayar musu da gidan ce ta ba da shawarar a sare itacen, wai fili zai fito fes a hoto. Lokacin dogon hutu ne, masu neman gida sun yi yawa, gidajen sun yi kaɗan, kowa yana ƙari a kan tayin wani. Mijinta Wilfredo kuwa ya riga ya sa hannu a kan wani gida kusa da wurin aikinsa. In bai sayar da wannan kafin ƙarshen Yuli ba, wancan zai kuɓuce musu.

Ba a jima ba dutsen farko ya faɗo a kan rufin. Na biyu ya bugi taga. Wilfredo ya fita da zagi a bakinsa yana neman yaran maƙwabta, ya tarar titi fayau. Na ukun a tsakiyar falo ya faɗo, alhali ƙofofi a rufe suke. Da ya ɗauka, da ɗumi.

"Ina Yaritza?" in ji Migdalia, murya ƙasa-ƙasa.

A kan kututturen suka sami 'yar tasu. Yarinyar da ba ta rabuwa da waya da dariya tana zaune a miƙe, tafukanta a kan gwiwoyi, kamar tsoho mai jiran baƙi. Uwar ta taɓa kafaɗarta. Sanyi ƙalau, a cikin wannan zafin.

Haka aka ci gaba. Da safe Yaritza ba ta tuna komai. Likita ya ce gajiya ce. Amma da duhu ya fara sauka, sai jifa, sai wata murya a bayan gidan tana ƙirga ɗakuna, sai yarinyar ta tashi ta nufi kututturen. Ta daina cin abinci. Ga shi ranar Asabar masu saye za su zo.

"Mu daure zuwa Asabar," in ji Wilfredo. "Mu sayar, mu tashi, shi ke nan."

"Da wace 'yar za mu tashi?" Migdalia ta ce. "Dube ta, Wilfredo!"

Ranar Juma'a ta ɗauko Doña Providencia, tsohuwa mai maganin iskoki, wadda ta gaji aikin daga kakarta. Ta zo sanye da fararen kaya. Ta ajiye kofin ruwa da kyandir a gindin kututturen, ta kunna taba, ta hura hayaƙin a fuskar yarinyar, tana addu'a a hankali. Ruwan kofin ya fara rawa.

"Wane ne kai?" in ji tsohuwar.

Bakin Yaritza ya buɗe, muryar namiji ta fito, busasshiya. "Mai gida."

"Mai gida ga shi tsaye."

"Wannan? Baƙo ne. Ina nan tun wurin yana gonar rake. An yanka fili, an zuba siminti, ban ce komai ba, don an bar mini itacena. Yanzu ya rushe mini ɗaki saboda hoto." Kan yarinyar ya juya a hankali wajen uban. "Na sami wani ɗakin. Yana da ɗumi."

Wilfredo ya durƙusa. "Ka bar ta, don Allah. Na fasa sayarwa."

"Fasawarka za ta mayar da itacen?"

Doña Providencia ta matsa har gwiwarta ta taɓa ta yarinyar. "Jikin nan ba na haya ba ne. Saiwa tana da rai, za ta toho. Ka koma ƙasa ka jira. In ka ƙi, a nan zan kwana, kuma ka san abin da ke bakina."

Harshen wutar kyandir ya kwanta ya tashi.

"Kada a tone kututturen," in ji muryar. "Kuma wanda zai saya, a gaya masa da ni zai zauna. In an ɓoye, na san hanyar sabon gidan."

"Ka ji?" tsohuwar ta tambayi Wilfredo.

"Na ji."

Yaritza ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta, tana kuka da muryarta ta yarinya.

Ranar Asabar Wilfredo ya tsaya a bakin kututturen ya faɗa wa masu saye komai, dillaliya tana harararsa. Mutum biyu suka koma motocinsu. Saura wani direban bas, Efraín, da matarsa Luz, riƙe da hannun 'yarsu ƙarama mai kitso biyu.

Migdalia ta jawo matar gefe. "'Yar'uwa, ba wasa yake ba. Da idona na gani."

Luz ta daɗe tana kallon kututturen. Idanunta sun yi zuru-zuru don gajiya.

"Tun watan Mayu muke nema," ta ce. "Duk gidan da muka taya, sai wani ya fi mu. Mai gidan haya ya ba mu zuwa ƙarshen wata." Ta ƙara damƙe hannun yarinyar. "Ina za mu sa hannu?"