Sai An Sauke Shanu

Ƙafafunsa Khaulat ta fara gani, ba fuskarsa ba. Ƙafafu biyu cikin takalmin roba, sun leƙo daga ƙarƙashin babbar motar mahaifinta a wani gareji da ke bakin Dutse. Mahaifin nata, Alhaji Bubayero mai fataucin shanu, shi ya aiko ta ta ce a gama motar kafin ranar kasuwa.

Sai da ta yi sallama sau biyu ƙafafun suka motsa. Saurayi ya turo kansa waje, baƙin mai har gefen kunne.

"Kai ne Mu'az? Baffa ya ce wai ka cika nawa."

Ya yi murmushi. "Gaskiya ya faɗa. Kin ga gungumen katakon can? Sai na jera su a ƙarƙashin mota, na sa wa tayoyi waigi, na girgiza ta na ga ba ta motsi, sannan nake shiga. Jak ɗaga mota ya iya, bai iya riƙe ta ba."

"Ni malamar firamare ce, ban zo ɗaukar darasi ba."

"Ai kin riga kin ɗauka, Malama."

Daga ranar motar Alhaji ta samu mai leƙo ta fiye da yadda take buƙata. Khaulat da ba ta san inda sifirin yake ba, ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota, sai ga ta tana tambayar lafiyarsa. Saƙonni suka fara kai-kawo.

"Malamata, yau na ɗaure noti ɗaya sau uku. Laifinki ne."

"Mai gungume, ka ajiye tunanina a waje idan za ka shiga. Ina son ka fito lafiya."

Da magabatan Mu'az suka je neman iri, Alhaji ya karɓe su da fura da nono, ya sallame su da haƙuri. Ƙaninsa Yahuza bakanike ne, mota ta faɗo masa shekaru ashirin da suka wuce, ya bar amarya da ciki. Alhaji ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai kwanciya ƙarƙashin ƙarfe ba. Ga Ziyad ɗan amininsa, ma'aikaci a sakatariya, wanda babu abin da zai faɗo masa sai fayil.

Ba a tilasta mata ba, amma ba a sake mata ba. Mako guda ta yi shiru. Mu'az ya ɗauka farar shaddar Ziyad ce ta yi aiki, ya rame har abokan aikinsa suna tsokanarsa. A rana ta takwas saƙonta ya shigo.

"Ba canza zuciya na yi ba. Na ga Baffa ya share ido da ya ambaci Baffa Yahuza, na rasa bakin magana. Kai nake so, amma ba zan shiga ɗakinka ba sai da albarkarsa."

"Zan jira, Malamata. Jira ai sana'ata ce."

Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, sifirin ɗin baya ya karye a hanyar Jahun, mota cike da shanu. Alhaji bai so ba, amma dole ya kira Mu'az, don shi ya san motar. Ya iso a Keke Napep da gungumensa, ya zagaya motar, ya taka rairayin gefen titi ya ji yana nutsewa.

"Alhaji, sai an sauke shanu, a ja ta zuwa ƙasa mai tauri."

"A sauke shanu ashirin a rana? Ɗaga da jak ka shiga, aikin minti goma ne."

Direbobi da makiyaya sun taru suna kallo. A wannan ƙasa yaro ba ya mayar wa dattijo magana a gaban mutane, balle dattijon da ake neman 'yarsa. Mu'az ya san haka sarai. Ya ga kamar a nan bakin titi Khaulat za ta kuɓuce masa. Ya cire hula ya tsuguna.

"Baba, ka gafarce ni. In sa ɗaya ya juya, nauyi ya koma gefe, jak zai zame. Ba zan shiga ba, kuma ba zan bari wani ya shiga ba."

Alhaji ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya ga makiyayan ya ce a sauke.

Awa uku aikin ya ci. Da Mu'az ya fito yana goge hannu, Alhaji ya kira shi inuwar maina, ya nuna masa gefen tabarma.

"Ranar da Yahuza ya rasu, motata ce. Ya ce in bari ya nemo katako. Na ce ina sauri. Da yake ni yayansa ne, bai iya ce mini a'a ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure, Ziyad ma ya zo, ya ci shinkafarsa ya yi musu addu'a. Da za a kai amarya, Khaulat ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, ƙannen mahaifiyarta na riƙe da mayafinta. Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Tashi ki tafi, 'yata. Na ba ki mijin da zai riƙa dawo miki gida."