Ƙwan Saudatu a Tsohon Rumbu

Kwana shida Saudatu ta yi tana tara ƙwai, har suka kai goma sha biyu. Na ƙyanƙyasa ne, jinin wani ƙaton zakara da mijinta Barau, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kawo mata daga Baro. Zafin Minna ba ya barin ƙwai ya daɗe, don haka ta zuba ƙaiƙayi a tukunya, ta jera su tsini ƙasa, ta kai tsohon rumbun bayan gida inda yake da sanyi. Safe da yamma takan juya su, tana jiran baƙar kazarta ta fara kwanci.

Rana ta bakwai da almuru, kaji sun shige akurki, gidan ya yi tsit, ta tarar da uku a fashe, an jera ɓawon a bakin rumbu. Ɓera ba ya jera ɓawo. Tana tsaye tana zage-zage sai dutse ya faɗo gabanta, wani ya biyo ya fasa randa. Ta leƙa ta katanga, ba kowa.

Duk da haka ba ta ɗauke tukunyar ba. Washegari da magariba ta aiki 'yarta Lailatu ta juya sauran. Yarinyar ta daɗe, sannan ta dawo tana jan ƙafa, ta zauna a tsakar gida, idanu a kafe, tana gurnani da muryar tsoho.

Barau yana kan hanya, sai Saudatu ta ruga ta kira Malam Ndagi, dattijon unguwa. Ya zauna, ya yi ta karatu yana tofi har jikin yarinyar ya soma karkarwa.

"Wane ne kai?"

"Mai rumbun," in ji muryar. "Tun ba a shimfiɗa ƙarfen jirgi ba nake ciki. Ta ɗora tukunya a kan shimfiɗar 'ya'yana, ba ko sallama. Ta kuma zage ni."

Saudatu ta miƙe. "Rumbun mijina ne. Ƙwaina ka fasa, ka taɓa mini 'ya, kuma kai ne mai ƙara?"

"Zauna, Saudatu," in ji Malam. Ya juya ga mai muryar. "Me kake so?"

"Jinin baƙar kaza."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

"To a ba ni yarinyar."

Malam ya ɗaga murya da karatu har aljanin ya yi kuka. Can aljanin ya ce a fitar da tukunya, a bar masa rumbu, mai wucewa ya yi sallama. Malam ya sa shi rantsuwa zai rabu da yarinyar. Lailatu ta yi atishawa, ta sulale ƙasa, ta farka tana neman ruwa.

Saudatu da kanta ta fito da tukunyar. Cikin tara da suka rage, biyu kaɗai suka ƙyanƙyashe, sauran bara-gurbi. Har ta tsufa ba ta wuce rumbun nan sai da sallama, amma duk wanda ya ji sallamar ya san ba ta huce ba.