Wayar da Ta Kira Baba da Sunansa

A shagon cajin waya na kasuwar Gummi Mansura ta fara ganin Lirwanu. Ya shimfiɗa allo mai zanen hanyar fatake daga Gummi zuwa Anka, samari na tura 'yan duwatsu a kai. Waya ce a tsakiya take kiran sunan wanda zai buga, ita ce kuma ke yanke hukunci. Shi ya ƙirƙiro wasan da manhajarsa.

"Wagga waya taka ba ta da ladabi," in ji Mansura. "Ko sallama ba ta yi."

Ya ɗago kai, ya ƙura mata ido. Shi ke nan, bawan Allah ya kamu.

Soyayya ta yi nisa har magana ta kai ga mahaifinta, Malam Muntari. Sai dai Umar Faruk, maƙwabcinsu da ya daɗe yana sonta, ya riga ya kai tsegumi wai caca yaron ke koya wa mutane.

"Shi kawo abin in gani da idona," in ji Baba.

Lirwanu ya zo zaure yana zufa, ya shigar da sunayen 'yan wasa a wayar kamar kullum, har da na Baba. Dattawan unguwa na zaune. Wasa ya yi daɗi har Baba ya fara murmushi. Kwatsam waya ta ɗaga murya: "Muntari, ka ɓata hanya. Koma baya!"

Innalillahi! Sunan da ko Inna, mahaifiyar Mansura, ba ta taɓa furtawa ba, gatsau a gaban jama'a.

"Ba caca ba ce, na gani," in ji Baba. "Amma wanda ya koya ma ƙarfe kiran sunana ba shi auren ɗiyata. Tashi."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Mansura: "Hasken idona, na yanka kaina da hannuna. In goge wasan? Wallahi ke na zaɓa."

Tana hawaye ta amsa: "Kada ka goge, Nawa. Waya ba ta san babba ba, to rufe mata baki. Ita ta rubuta, mutum shi faɗa."

Haka ya yi. Ya ƙara wa wasan jagora, mutum guda da zai riƙe wayar, ya karanta hukunci a zuci, ya isar da bakinsa. Goggo Rakiya, yayar Baba, ta yi ta lallashi har ya yarda a sake gwadawa sau ɗaya tak.

Lirwanu ne jagora. Mansura na bayan ƙyaure tana leƙe. Kamar da gayya, hukunci ya sake faɗawa kan Baba. Ba mai ganin rubutun sai Lirwanu. In ya ɓoye, wa zai sani? Ya durƙusa.

"Baba, Allah shi ba ku haƙuri. Hanyar ga ba ta ɓulle ba, sai an koma baya."

Baba ya dube shi, sannan ya ja dutsensa baya da kansa.

"Na san na ɓata, da gangan na yi. Da ka rufa mani, da ban ba maƙaryaci ɗiya ba. Turo magabatanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Baba ya dafa kan Mansura ya ce: "Ki tai, na ba ki wanda ya san gaskiya, ya san girma. Allah shi yi maku albarka."