Uwar Da Ta Ƙi Karɓa

Ranar da Lubabatu ta fara ganin Zaidu, kyankyasai ne suka yi musu sallama. Ta kai kwamfutar shagonta na buga takardu wurin gyaransa a Dogon Dutsi, yana kwance murfi suka watso, ɗaya har ya hau mayafinta.

"Tir! Wagga ƙazanta a cikin kayana take?" ta ce, tana karkaɗe jiki.

Zaidu ya danne dariya. Ya zaro wani siririn allo kore ya nuna mata. "Baret ke nan, ita ka riƙe tunanin na'ura. Taki DDR3 ce. Kin ga tsagar ga? Ta DDR4 ba nan take ba. Babban allon ga kuwa, kart-mer, mu uwa muka ce mata. In tsaga ba ta dace ba, uwa ba ta karɓa."

Ita dai idanunsa take kallo. Kafin kaka ta wuce, ya zama "Nurina", ta zama "Lubana".

Amma akwai Sha'ibu mai turare, wanda ya daɗe yana nacin ta. Mutum ne da ke fesa turare kan gumin jiya, warin ya riga shi shiga zaure. Wata rana ya laɓe a bakin shagon Zaidu, ya ji shi yana waya: "Wallahi uwar ba ta karɓar ta. Ba jinsinsu guda ba, ko an tura da ƙarfi ɓarna za a yi. Wata nika nema."

Da ɗuminsa ya kai wa Malam Sani, mahaifin Lubabatu, har da ƙarin gishiri. Malam Sani ya fusata. "Ɗiyata za a yi wa ƙyama? To, kada in ƙara ganin ƙafatai a ƙofar gidan ga."

Takaici ya cika Lubabatu, ko sunan Zaidu ta ji sai ta ja tsaki. Ta tura masa saƙo: "Je ka nemi jinsinku. Allah Shi haɗa kowa da rabonsa."

Amsa ta zo nan take: "Lubana, wane jinsi kuma? Ko hukunci za ki yi mini, ki taho ki yi shi a gabana."

Ta je, fuska a murtuke, ta zayyana masa abin da aka ji. Zaidu ya dafe kai, ya jawo wata ƙaramar kwamfuta. "Ta Madam Eliane ce, malamar lakwal, makarantar boko. Doguwar baret ta babbar kwamfuta ta sawo, alhali gajera uwar ga ka ɗauka. Gwada da hannunki."

Ta gwada, ta ƙi shiga. Kunya ta rufe ta, sai kuma ta ji ƙyamar Sha'ibu da ya kai tsegumin.

Malam Sani bai yarda da zancen allo ba. "Ni uwa mai rai nika son ji daga bakinta."

Washegari Inna Sahura, mahaifiyar Zaidu, ta sauka daga Matankari, ta riƙo hannun Lubabatu a tsakar gida. "Wagga ce anka ce na ƙi? Allah Shi isa tsakanina da mai ƙarya!"

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Sha'ibu ma ya zo cin shinkafa, mutane suna ta matsawa daga kusa da shi. Ana tsakiyar addu'ar Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka, wayar amarya ta yi ƙara.

"Lubana, uwa ta karɓa."